Wace kalma za mu ba "vertigo": jiri ko hajijiya?

'Yan'uwa ma'aikatan jinya da masu yi wa majinyata tafinta a nan Legas, ina neman mu tsayar da magana ɗaya kan kalmar "vertigo", domin duk dattijon da aka kawo daga Agege ko Idi-Araba "jiri" yake cewa, alhali likita yana son sanin wane iri ne.

A ganina, mu bar wa jiri wanda ya miƙe tsaye idonsa ya yi duhu, kamar mai azumi da la'asar. Wanda kuwa yake zaune ɗaki yana juya masa, hajijiya ce ke ɗibarsa, ita ce likitoci ke kira "vertigo" da Turanci.

Inda gizo ke saƙar shi ne irin hajijiyar da raguwar jini zuwa ƙwaƙwalwa ke kawowa. Jijiyoyin jini biyu ne ke hawa ta cikin ƙasusuwan wuya, su haɗe su zama ɗaya, su shayar da bayan ƙwaƙwalwa, wato sashen da ke hana mutum tangaɗi. Wata abokiyar aiki ta kawo "hajijiyar ƙarancin jini", ni kuwa ban gamsu ba, domin Bahaushe in ya ji ƙarancin jini zai tafi neman zogale da hanta, ko ganyen ugu da madara irin na maƙwabtanmu, alhali jinin yana nan, hanyarsa ce ta ƙuntata, galibi saboda tsufa, hawan jini, ciwon sukari ko shan taba. "Hajijiyar ƙwaƙwalwa" kuma dangi za su zaci taɓin hankali ake nufi.

Don haka na zaɓi "hajijiyar ƙeya", a gefenta "hajijiyar kunne", wato wadda matsalar cikin kunne ke kawowa, wadda ta fi yawa, kuma sau da yawa ba ta kai minti 1 idan an juya a gado.

Sunan ƙeya yana sauƙaƙa mana bayani. Muna iya cewa, "Baba, kada ku ɗaga kai sama da sauri, ku zauna bakin gado tukuna kafin ku miƙe, kuma kada ku shiga banɗaki ba mai riƙe ku." Mu kuma mu ɗaga ƙarfen gefen gado, mu auna jininsa yana kwance, mu sake aunawa yana tsaye. Idan ya fara ganin abu biyu-biyu, ko harshensa ya yi nauyi, ko haɗiya ta gagara, a kira likita nan take, domin shanyewar ɓarin jiki tana iya biyowa.

Mutanen Sakkwato da Katsina da ke cikinmu, ina kuke ajiye "juwa" tsakanin jiri da hajijiya?