Legon ko GIMPA: Abin da Aka Faɗa wa Ɗalibar Lauya

Wata 'yar unguwar Nima a Accra ta samu gurbin karatun lauya a Jami'ar Ghana da ke Legon da kuma GIMPA, cibiyar koyar da harkokin gudanarwa da mulki ta Ghana, sai ta kawo maganar gaban yayyenta da suka riga ta shiga harkar.

Abin da suka fi daɗewa a kai shi ne, digirin LLB, wato digirin farko na lauya, shi kaɗai ba ya mai da mutum lauya a Ghana. Shekara da shekaru sai an bi ta makarantar horar da lauyoyi ta Makola a Accra, wadda aka kafa a 1958, kuma jarrabawar shigarta ta tsayar da mutane da dama. Don haka suka ce ta nemi waɗanda suka gama Legon da waɗanda suka gama GIMPA, ta ji yadda aka shirya su, nawa suka ci jarrabawar a ajinsu. A ganina wannan ce shawarar da ta fi nauyi.

Masu goyon bayan Legon sun kawo tsufan suna, ɗakin karatu da tsofaffin ɗalibai da suka cika kotuna. Wata yaya mai aikin banki ta ce ita GIMPA ta zaɓa saboda darasin yamma, ba ta ajiye aikinta ba.

Kawunta kuwa lissafi ya kawo. "Ɗiyata, haɗa kuɗin makaranta da na littattafai da na mota, ki ga sidi nawa ne a shekara. Ki kuma gwada hanyar da ƙarfe bakwai na safe, lokacin cunkoso, kafin ki biya ko sisi."