Wa Ya Kori Damina?

Malamar firamare, Zariya:
Assalamu alaikum. Yau wata 'yar aji biyar ta yi mini tambayar da na kasa amsawa. Ga ta a waƙe, duk mai amsa ya riƙe amsa-amon.

Da sunan Allah Mai halittar duniya,
Ya ba mu riƙonta, amana ce ba dukiya.
Yarinya ta ce, "Malama, faɗa mini gaskiya,
Baba ya yi shuka sau uku, ta ƙone gaba ɗaya,
Wa ya kori damina?" Na yi shiru don kunya.
Ku taya ni amsa, 'yan uwa, ku nuna mini hanya.

Masunci, Baga:
Malama, sannu da aiki. A 1963 faɗin Tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita kusan 25,000. Kakana ya gan shi da idonsa.

Ya ce mini tafkin nan kamar teku ne jiya,
Ka wuni kana tuƙi, ba ka hango gaɓa ɗaya.
Farin 1973 ya zo, ruwa ya ja da baya,
Na 1984 ya biyo, kifi ya ƙare a ƙwarya.
Inda muke zuba taru, yau garma ke tafiya,
Makiyayi da manomi na faɗa kan rijiya.
Najeriya, Nijar, Chadi, Kamaru, tafkinmu ɗaya,
Ruwa bai san kan iyaka ba, ƙishi ma haka, Hajiya.

Ɗalibi, Kano:
Baba masunci, Allah Ya ƙara lafiya,
Ni dai zuciyata zafi take, ba zan ɓoye ba ko kaɗan, Iya.
Hayaƙin da ya ɗumama sararin samaniya,
Na kwal da fetur ne, na masu ƙera dukiya.
Afirka ko kashi 4 cikin 100 ba ta kai ba a ƙidaya,
Amma ita ce a gaba wajen shan wuya.
A Paris, 2015, ƙasashe sun amince da yarjejeniya,
Ƙarin zafin duniya kar ya kai digo 2, a yi ƙoƙarin tsai da shi a 1.5, aka yi alkawari gaba ɗaya.
A Masar, 2022, aka ce asusun asarar sauyin yanayi zai biya,
A shekarar kuwa, ambaliya ta ci mutum sama da 600 a Najeriya.
Wanda ya ɓata iska, shi ke da bashin diyya,
Ki faɗa wa yarinyar haka, kar a rufe ta da ƙarya.

Manomi, Maradi:
Ɗana, maganarka dutse ce. Bashin yana wuyansu, ban musa ba. Sai dai ni da hannuna na sare gawo a gonar mahaifina, ba Bature ya riƙe mini gatari ba.

An koya mana gona mai kyau ba ta da bishiya,
Muka share tas, iska ta kwashe ƙasa ta bar ƙaya.
Daga 1983 aka fara sassaben zamani a nan Maradi, ɗiya,
Kututturen da muke ƙonewa, ashe yana da rai a jijiya.
Ka bar reshe uku ko biyar masu ƙarfi su tsaya,
Ka datse sauran, ka tsare su daga bakin akuya.
Gawo na zubar da ganye da damina, ga hikima mai ban sha'awa ɗaya,
Gero ya sha rana, ganyen ya zama taki a ƙarƙashin bishiya.
Yau hekta miliyan 5 sun farfaɗo a Nijar, ba tatsuniya,
Itace miliyan 200, mafi yawa ba dashe ba, reno ne da juriya.

Ɗalibi, Kano:
Na karɓa, Baba, na kuma sunkuyar da kai don biyayya,
Mu rena namu gawon, su kuma kar su ce sun gama biya.

Malamar firamare, Zariya:
Allah Ya saka muku. Gobe zan ba ta amsoshin duka uku, ba zan rage ko ɗaya ba.

Zan fita da aji waje, mu bar allo da bulala a ajiya,
Kowa ya nemi kututture a bayan makaranta, ya yi masa tarbiyya.
Manzo ya ce ko Alƙiyama ta tsaya,
Mai dashe a hannu, in ya samu iko, ya dasa kafin tafiya.

Baba na Maradi, don Allah a turo mini hoton yadda ake datse rassan. Akwai kututturen kalgo guda biyu a bayan ajinmu, da su za mu fara ranar Litinin.