Neman shawara: wane shagon nutso zan zaɓa a Sharm al-Shaikh?

Ɗan Arkilla:
Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya ga abin da idonsa ya taimaka mini. A watan Disamba, in Allah ya kai mu, zan je Masar ni da maiɗakina mu duba ƙanena da ke karatu a Azhar, daga nan mu sauka Sharm al-Shaikh mu yi kwana biyar a bakin Bahar Maliya. Tun ina yaro nake da burin yin nutso irin na masu goya tukunyar iska a baya. Mu da muka tashi muna satar jiki muna faɗawa gulbi a Kwalkwalawa mun san ruwa, amma ruwan da muka sani ja ne, ko tafin hannunka ba ka gani a ciki. Ina son ko sau ɗaya ne in buɗe ido a ƙarƙashin ruwa in ga kifi yana wucewa ta gabana.

Na yi magana da shaguna biyu ta WhatsApp. Na farko kuɗinsa kusan rabin na biyu ne. Ya ce ba sai mun iya iyo ba, ba wata takarda da za mu cike, kuma ranar farko zai kai mu zurfin mita 25. Na biyu ya turo mini takardar tambayoyin lafiya mai tsawo, ya ce sai mun cike kafin ya karɓi ko sisi, kuma koyon zai ci kwana huɗu. Maiɗakina tana da asma tun tana ƙarama, amma ta daɗe ba ta tashi ba. Sannan tana son mace ta koya mata. Jirginmu na komawa Alkahira ranar Juma'a da safe ne, ina so in yi nutso na ƙarshe Alhamis da yamma. Ga yadda dala take yanzu, zuciyata na karkata ga mai arha. Me kuka gani?

Abu Yasir:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na yi shekara shida a Masar, a can na koyi nutso, kuma ina da katin shaida. Ka goge lambar na farkon nan daga wayarka yau ɗin nan. Wanda bai taɓa nutso ba, idan gwaji na rana ɗaya zai yi da malami a gefensa, iyakarsa mita 12. Wanda ya gama kwas ɗin farko ya karɓi kati, iyakarsa mita 18. Sai an yi kwas na gaba ake zuwa mita 30. To mutumin da ya ce zai kai ka mita 25 ranar farko, ya gaya maka da bakinsa cewa ba ya bin ƙa'ida. In ya karya wannan a gabanka, me kake zaton yake yi a ɗakin da ake cika tukwane, inda ba ka gani?

Na biyun ma kada ka yarda da shi don ya yi magana mai daɗi, bincike shi. Ƙungiyoyin da ke ba da katin da ake karɓa a ko'ina sanannu ne: PADI, wadda aka kafa a Amurka a 1966, da SSI, da CMAS. Ka tambayi wadda suke ƙarƙashinta, ka nemi lambar malamin da zai shiga ruwa da kai, domin PADI tana da shafin da ake sa lambar a ga ko izininsa na aiki. A Masar kuma akwai CDWS, hukumar da ke duba cibiyoyin nutso, shagon kirki yana da lasisi kuma ba ya jin nauyin turo maka hotonsa. Tutar PADI a ƙofar shago ba hujja ba ce, kowa na iya ɗinka tuta.

Maganar iyo kuwa, a kwas na PADI sai ka yi mita 200 ba tsayawa, sannan ka zauna a saman ruwa minti 10 ba ka dafa komai ba. Kai ɗan gulbi ne, ba za ta ba ka wuya ba. Amma ka tambayi uwargida tsakani da Allah ko za ta iya.

Kawu na Runjin Sambo:
Yaro, mi ya kai ka cikin teku da kuɗinka? Mu nan mun ga 'yan su a Argungu suna nutsewa a Matan Fada da gora da koma, su fito da giwan ruwa, ba tukunya ba malami. In ruwa kake marmari ga Goronyo nan kusa. Amma tunda ka ƙudurta, Allah shi tsare. Abu guda ni ka gaya ma: kada arha ta ja ka, arha ba ta ado.

Abu Yasir:
Kawu, Allah ya ƙara girma, maganar 'yan su ɗin nan ta tuna mini abin da ya fi komai muhimmanci. Ɗan su yana cika ƙirjinsa a sama, ya riƙe numfashi, ya nutse, ya dawo da iskar da ya tafi da ita. Mai tukunya kuwa a ƙasa yake shaƙa. A mita 10 nauyin da ke kanka ya ninka na sama sau biyu, don haka iskar da ka shaƙa a nan, idan ka riƙe ta ka taso, za ta kumbura ta ninka girmanta a cikin huhunka, tana iya yaga shi. Shi ya sa dokar farko ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi. Mu 'yan gulbi jikinmu ya saba da riƙewa, ni kaina sai da malamina ya yi ta buga mini ƙirji da yatsa a kududdufin koyo kwana biyu kafin na daina. Kwana huɗun da kake gani kamar ɓata lokaci, wannan ake cire maka a ciki.

Likita daga Gawon Nama:
Malam, ni ta fannin lafiya zan shigo. Takardar da shago na biyu ya turo ba neman wahalar da kai ba ne. Tana tambayar asma, ciwon zuciya, hawan jini, ciwon suga, farfaɗiya, ciwon kunne da juna biyu. Iskar cikin tukunya ba zallar oksijin ba ce kamar yadda mutane ke zato, iskar da muke shaƙa ce aka matse, sai dai busasshiya ce kuma mai sanyi, irin wadda ke iya tayar da asmar da ta kwanta shekaru. Idan hanyar iska ta tsuke a ƙasa, iskar ta maƙale a huhu, abin da Abu Yasir ya faɗa ne zai faru ko da ba ta riƙe numfashi da gangan ba. Ban ce ba za ta iya ba sam, akwai masu asma da likita ke sa wa hannu bayan gwajin huhu. Ta je asibitin koyarwa na UDUTH a auna ta tun yanzu, kada ta rubuta "a'a" a takardar don gudun a hana ta. Kuma ku yi gwajin jini na sikila, mai sikila ba ya nutso da tukunya.

Abu na biyu, Disamba za ku tafi, tsakiyar hunturu, lokacin da rabin Sakkwato ke fama da mura saboda ƙura. Hanci a toshe, kunne ba zai daidaita ba, kuma tun daga mita biyu zuwa uku za ka ji kamar ana soka maka tsinke. Kada ka sha maganin buɗe hanci ka shiga, yana iya sakinka kana ƙasa.

Na uku, nutson Alhamis da yamma ka soke shi. Iskar naitrojin tana taruwa a jiki lokacin nutso, tana buƙatar lokaci ta fita a hankali. In ka hau jirgi da wuri za ta yi kumfa a jini da gaɓoɓi, kamar ka girgiza kwalbar lemo ka buɗe. Ƙa'idar ƙungiyar DAN, mai kula da lafiyar masu nutso, ita ce aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso na kwanaki a jere, kuma da yawa suna cika awa 24. Jirgin Sharm zuwa Alkahira ma jirgi ne, gajartarsa ba ta cire shi ba. Haka hawa Ɗuri Sina, wanda na san mutanenmu ba sa son barin yankin ba su ziyarta ba: tsayinsa mita 2,285 ne, hukuncinsa ɗaya da jirgi. Ka fara da dutsen, ka ƙare da ruwa. Akwai ɗakin matsin iska na jinyar masu nutso a Sharm, ka tambayi shagon yadda suke kai mutum can, ka kuma tabbata inshorarka ta ɗauki wannan jinyar, don tana da tsada.

Maman Hafsat:
Yayana, bari in ba ka labarina don uwargida ta ji. Bara a Zanzibar ni da maigidana muka bi wani mai arha da ya tare mu a bakin teku. Mu tara ne, mai kula da mu ɗaya. Da na sa abin shaƙar a baki na ji ɗanɗanon mai kamar na janareto, na faɗa, ya ce haka yake. Robar da ake cizawa ta tsage gefe guda, ruwan gishiri na shigo mini. Muna ƙasa na ɗaga hannu ina neman sa, yana can gaba yana ɗaukar wasu hoto. Wallahi ban ga murjani ba, ban ga kifi ba, bayan ƙafarsa kawai nake kallo ina salati a zuci. Da muka fito kaina ya yini yana sarawa. Daga baya na ji cewa iskar kirki ba ta da wari ko ɗanɗano, in ka ji mai ko hayaƙi to injin cika tukwanen ne ba a kula da shi.

Don haka idan kun isa, ku je shagon da ƙafarku kwana ɗaya kafin ku biya sauran kuɗi. Ku ce a nuna muku kayan. Ku shaƙi iskar tukunya ɗaya. Ku duba kafaɗar tukunyar, akwai ranar gwajinta a buge a jikin ƙarfen. Ku tambaya ko akwai oksijin na gaggawa a cikin jirgin, ku ce a buɗe akwatin ku gani. Ku tambayi mutum nawa malami ɗaya ke riƙewa, ni dai ba zan ƙara shiga cikin fiye da huɗu ba.

Batun malama mace, akwai su a Sharm, amma a rubuta muku a saƙo tun yanzu, kada a ce "za mu duba". Rigar robar tana rufe jiki daga wuya zuwa idon sawu, sai dai tana kama jiki, don haka ta tafi da doguwar riga mai sauƙi da za ta zura da ta fito, da hular iyo mai rufe wuya, ba mayafi mai lilo ba. A tambayi wurin canza kaya na mata a jirgin, da ko ana shan giya a ciki. Ruwan kuma a Disamba yana da ɗan sanyi ga ɗan Sakkwato, ku nemi riga mai kaurin milimita 5.

Ɗan Mabera:
Ni fa ina ganin an tsorata bawan Allah da yawa. Dubban mutane na shiga kullum suna fitowa lafiya.

Maman Hafsat:
Gaskiya ne ƙanena, kuma ba wanda ya ce kada ya je. Ni ma zan koma in sha Allah, don abin da maigidana ya gani a ranar har yau yana ba da labarinsa. Wurin da za a bi ake magana.

Ɗan Arkilla:
Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Na tura wa na farkon tambayar lasisi da lambar malami tun jiya, ya karanta bai amsa ba, sai ragin kuɗi ya ƙara turowa. Na biyun ya turo hoton lasisi da lambar wata malama cikin awa ɗaya, na duba na same ta. Ya ce mu biyu kawai za ta riƙe, kuma in likita bai sa wa maiɗakina hannu ba, za ta iya bin jirgin ta yi iyo a sama da gilashin fuska da bututun shaƙa, ni in yi kwas ɗin. Na mayar da nutson ƙarshe Laraba. Likita, ranka ya daɗe, Litinin za mu je asibiti. Wane sashe za mu nema don gwajin huhun, kuma sai mun zo da takardar shagon ko daga baya za a cike ta?

Likita daga Gawon Nama:
Ku fara da sashen marasa lafiya na waje, ku ce a tura ku asibitin ƙirji. Ku buga takardar ku tafi da ita, akwai shafin da likita ke sa hannu a ƙarshe. Ta zo da abin shaƙarta na asma ko da ya daɗe a ajiye, a ga irinsa.