Wace ƙaramar bindiga ce ba ta ba da kunya, wadda mutum zai ɓoye a jiki?

Mai_Aikin_Dare ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan uwa mazauna Amurka, dan Allah ina neman shawara daga waɗanda suka san harkar. Ina Houston ne, aikin dare nake yi, ƙarfe biyu da rabi nake tashi, kuma inda muke ajiye mota akwai ɗan nisa da ƙofa ga duhu. Sati uku da suka wuce wasu mutum biyu suka biyo ni a baya, ina jin takunsu, na ƙara sauri suka ƙara, Allah ya taimake ni wata mota ta shigo ta haska fitila suka juya, wallahi na fi minti goma a zaune cikin mota hannuna na rawa na kasa saka makulli. Tun ranar nake tunanin sayen ƙaramar bindiga wadda zan riƙa ɗauka a ƙarƙashin riga bisa doka. Ina da girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, shekarata 34, ban taɓa samun matsala da hukuma ba. Na shiga YouTube kowa da tasa, wannan ya ce Glock 19, wancan ya ce SIG P365, wani ya ce libarba ce kawai ba ta cijewa, kaina ya ɗaure. Abin da na ware dala 600 ne. Ni dai wadda in ranar tsiya ta zo na ja kunama za ta tashi nake so, ba ta ado ba. Wacce za ku ce in saya?

Tsohon_Kofur ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya ƙara tsarewa. Na yi shekaru ina ɗauke da bindiga a ƙasar nan, bari in faɗa maka abin da na gani da idona. Duk waɗanda ka lissafa masu kyau ne, kada ka ɓata dare kana kallon bidiyo. Glock 19 tun 1988 take kasuwa, harsashi 15 take ci, ƴan sanda da yawa ita suke riƙewa, kayan gyaranta da gidan harsashinta ko ina akwai. P365 ta fito a 2018, ita ce ta sauya kasuwa saboda kaurinta inci ɗaya ne kacal amma tana ɗaukar 10, shi ya sa sauran kamfanoni suka biyo sahu, Springfield suka fito da Hellcat a 2019, Smith & Wesson suka fito da Shield Plus a 2021, Glock ma suna da 43X mai cin 10. Duk harsashi mai girman 9mm suke ci, kuma ka tsaya a kan 9mm ɗin, hukumar binciken laifuka ta tarayya FBI da kansu da suka bar shi bayan artabun Miami na 1986 sun dawo gare shi daga baya da harsasai suka inganta, ga shi ya fi sauƙin kuɗi, wanda ke nufin za ka fi yawan zuwa atisaye.

Amma ga inda mutane suke faɗawa rami, sai a ɗauka ƙarama ta fi sauƙin harbi tunda ƙarama ce, alhali akasin haka ne. Duk yadda bindiga ta rage nauyi haka shurinta yake ƙaruwa a hannu, kuma mariƙin gajere ne, ɗan ƙaramin yatsanka a iska yake lilo. Ni farkon wadda na saya wata ƴar mitsitsiya ce mai cin ƙaramin harsashin .380, ba zan faɗi kamfanin ba, na saye ta don tana shiga aljihu, na kai ta filin harbi kafin in gama kwali ɗaya na harsashi 50 ta cije sau huɗu, kwanson ya tsaya a tsaye a bakin taga kamar bututun hayaƙi, kuma tsakanin babban yatsana da manuni ya yi ja yana zafi. Wani dattijo da ke layin kusa da ni ya matso ya ce in ƙara damƙe ta, wuyan hannuna ne yake saki, irin waɗannan bindigogin da ƙarfin shurin suke ja da baya su tofar da kwanso su ɗauko sabo, in hannu ya yi laushi sai ƙarfin ya tafi a banza. Na gyara riƙo abin ya ragu amma bai daina ba, daga ƙarshe na rabu da ita. Da ban gwada ba da haka zan yi ta yawo da ita ina ganin ina da kariya.

Saboda haka kada ka sayi komai tukun. Je filin harbi da ke ba da haya, ka karɓi uku ko huɗu, ka harba kowacce aƙalla 30, wadda ka ga harsasanka sun fi taruwa wuri ɗaya a taku bakwai kuma hannunka ya zauna a kanta ita ce taka. In ka saya kuma ni ƙa'idata sai ta ci 300 zuwa 500 ba tare da ta cije ba, sannan in gwada ta da ainihin harsashin da zan riƙa sakawa, irin mai rami a baki ɗin nan kamar Federal HST ko Speer Gold Dot, kwali biyu aƙalla, don wata bindigar tana shan na atisaye lafiya lau amma ta ƙi wannan. Kuma kowane gidan harsashi ka gwada shi daban, ka sa musu lamba a gindi da alƙalamin maka, sau da yawa matsalar daga nan take fitowa. Dala 600 ɗinka bindigar kawai za ta saya, ka sa a ranka sai ka ƙara na kube da bel da harsashi da malami.

Abban_Yara_Dallas ya amsa:

Baba ya gama magana a kan ƙarfen, ni kuma doka zan ja kunnenka a kai tunda ka ce girin kad gare ka. Eh mai girin kad yana da damar saye, za ka cike fom 4473 a shagon da ke da lasisi, su tura sunanka NICS, wato tsarin tarayya na duba ko doka ta hana mutum mallakar bindiga, a bincika, kada ka kuskura ka yi ƙarya a ko layi ɗaya, kuma kada ka taɓa saya wa wani da sunanka ko da ɗan uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya, babban laifi ne na tarayya. Masu karanta wannan da ke kan bizar karatu ko ta ziyara, ku dokarku daban ce, a asali an hana ku mallaka sai da wasu ƴan keɓantattun sharuɗɗa, kada ku ɗauki shawarar nan ku yi aiki da ita. Kai kuma malam ka sani laifin da ya shafi bindiga yana cikin abubuwan da ake korar mai girin kad a kansu, abin da ɗan ƙasa zai biya tara ya koma gida kai zai iya raba ka da iyalinka.

Texas tun 1 ga Satumba 2021 wanda ya kai 21 kuma doka ba ta hana shi ba yana iya ɗauka ba lasisi, amma duk da haka ni ina ba ka shawara ka yi LTC, wato lasisin ɗaukar bindiga na jihar. Kuɗin jiha dala 40 ne, aji na awa huɗu zuwa shida, sai gwajin harbi na harsashi 50 daga nisan yadi 3 da 7 da 15. A ajin ne za a koya maka allunan hana shiga da bindiga da ake liƙawa a ƙofa, 30.05 da 30.06 da 30.07 da kuma jan allon 51% na wuraren sayar da giya, da lokacin da doka ta yarda ka zaro da lokacin da zarowar kanta laifi ce. Kuma akwai dokar tarayya ta hana ɗaukar bindiga cikin ƙafa 1000 kewaye da makarantu wadda lasisin jiharka yake fitar da kai daga cikinta. Gidan waya da gine-ginen gwamnatin tarayya kuwa ko da lasisi ba a shiga da ita. In za ka yi tafiya ka duba kowace jiha da za ka ratsa, New York da Kalifoniya ba su san lasisin Texas ba, ga su da iyakar harsashi 10 a gida ɗaya, wato Glock 19 da gidanta na 15 matsala ce a can. Sannan ka karanta dokar wurin aikinka, wurare da yawa sun hana ma'aikata shiga da ita, Uber ma sun hana direbobinsu.

Sarkin_Hanya ya amsa:

Da girmamawa Baba, ni dai a kan girma ne muka ɗan saɓa. Glock 19 ta fi daɗin harbi ba musu, amma cike da harsashi tana kai wajen gram 850, a zafin Houston da ƴar shat ɗaya a jiki gindin mariƙin nan sai ya turo riga duk wanda ya lura ya gani, sati biyu mutum zai fara barinta a gida yana cewa ai yau ba nisa zan yi ba. P365 wajen gram 500 ce babu harsashi, ni irin girmanta nake ɗauka daga safe har dare har mantawa nake tana jikina. In hannunka babba ne akwai XL ɗinta mai cin 12, ko 43X, tsaka-tsaki ke nan.

Kuma maganar kube ba ƙarama ba ce, yawancin waɗannan bindigogin ba su da wani sefti da za ka murɗa da yatsa, kuben ne seftinka, dole ya zama mai tauri irin na robar Kydex wanda aka ƙera wa wannan samfurin, ya rufe kunama ruf, ka juya shi ƙasa ka girgiza ba ta faɗo ba. Na yadi mai laushin nan kada ka ko kalle shi, bakinsa yana lanƙwashewa ya shiga wurin kunama lokacin mayarwa, nan ne mutane suke harbin cinyarsu. In za ka mayar ka duba da idonka, a hankali, ba wanda yake korarka. Sai bel mai ƙarfi na musamman. Ranar Juma'a da ka sa kaftani da wando mai zariya ka sani zariya ba ta riƙe kube, kuma doguwar riga sai ka tattare ta har ƙirji kafin hannu ya isa, ga ruku'u da sujada da suke fito da siffar abin ta baya. Ni ranar a akwatin ƙarfe mai makulli da na ɗaure a ƙarƙashin kujerar mota nake barinta, kuma sai da na fara tambayar shugabannin masallacinmu matsayinsu.

Maman_Biyu ta amsa:

Yaya sannu da wannan tashin hankali, Allah ya kiyaye gaba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, nima dare nake yi. Abu biyu zan ƙara. Na ɗaya libarba da aka faɗa maka, gaskiya ne ba ruwanta da laushin hannu, in harsashi ɗaya bai tashi ba ka sake jan kunama ta juya zuwa na gaba, irin su Smith & Wesson 642 ko Ruger LCR, amma biyar kawai suke ci, kunamar da nauyi sosai, kuma harsashin .38 a cikin abu marar nauyi haka yana dukan tafin hannu, ni harbi goma na yi na ajiye. Wanda kuma jan saman bindigar baya yake ba shi wahala ya gwada Shield EZ, don masu irin wannan matsalar aka yi ta, ita na iya ja ba tare da na ciji leɓe ba.

Na biyu kuma shi ne ya sa na yi rubutun, ba ka faɗa mana ko akwai yara a gidan ba. Na taɓa karɓar yaro ɗan shekara biyar a wurin aiki, ya samo ta a cikin durowar gefen gado, har yau ina ganin ƴan takalmansa masu fitila da aka ajiye a gefen gadon asibiti. Kada ka ce ka ɗora a saman kwaba ba za su kai ba, suna kaiwa. Ka sayi akwati mai lamba tun kafin bindigar ta shigo gidan, in ba a ƙugunka take ba to tana ciki a kulle, babu na uku. Kuma fiye da rabin mutuwar da bindiga take jawowa a Amurka mutane ne suke kashe kansu, don haka in akwai wanda yake cikin damuwa a gidan, ko kai kanka wata rana abubuwa suka yi maka nauyi, ka fitar da ita daga gidan ta hanyar da doka ta yarda har a samu sauƙi. Ka zauna da matarka ku yi maganar kafin ka je shago.

Tsohon_Kofur ya sake amsawa:

Sarkin Hanya ka yi gaskiya a kan nauyi, ban ƙi ba, shi ya sa na ce ya gwada da hannunsa. Abin da zan ƙara ɗana, ka nemi malami ya tsaya a kanka ko sau biyu ne, kuma dokokin nan huɗu su zama jinin jikinka, kowace bindiga ka ɗauke ta da harsashi a ciki, kada bakinta ya kalli abin da ba ka shirya lalatawa ba, yatsa a waje har sai ka yi saiti, kuma ka san abin da kake hari da abin da ke bayansa. Daren nan da suka biyo ka, da tana jikinka ma abin da ka yi shi ne daidai, ka yi sauri ka shiga mota ka kulle ka kira 911. Ka sayi tocila mai ƙarfi gobe ma, wannan ba ta buƙatar fom.

Mai_Aikin_Dare ya dawo:

Na gode ƙwarai da gaske, Allah ya saka wa kowa da alheri. Maman Biyu yarana uku ne, ƙaramar shekararta huɗu, maganar takalman nan ta tsaya min a rai, yau da safe na yi odar akwatin kuma mun yi magana da mamansu. Na yi rajistar ajin LTC na Asabar mai zuwa, filin da za a yi ajin suna da 19 da 43X da P365 XL da Shield Plus na haya, zan gwada duka huɗun. Na kuma yi wa shugabanmu na wurin aiki magana ya yarda mu riƙa fitowa mu biyu-biyu in an tashi. Baba in na dawo zan ɗauki hoton takardun da na harba in sa a nan ka duba min inda harsasan suka taru.