Ina gane zanen HTML da CSS in ina kallo, amma in na zo rubutawa sai komai ya gudu

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, dan Allah masu sanin harkar nan a taimaka min da shawara. Ni ɗinki nake yi a Zariya, ina kuma sayar da turaren wuta da humra, to na gaji da tura hotuna ɗaya bayan ɗaya a WhatsApp duk wadda ta tambaya sai na sake turawa, shi ne na ce bari in koyi haɗa shafin intanet da kaina da HTML da CSS, wato yarukan da ake gina shafi da ƙawata shi, in zuba kayan da farashinsu. Ƙanina ya turo min wasu PDF masu zane-zane, akwatuna kala-kala da kibiyoyi ana nuna wannan kan shafi ne wannan jikinsa ne, yau wata biyu kenan ina bin su da daddare in yara sun yi barci. In ina kallo wallahi ina ganewa tsaf, amma da na buɗe Acode, manhajar da nake rubuta shafin a cikinta, a waya na ga allon wayam sai in rasa ta ina zan fara. Ba ni da kwamfuta kuma bidiyo cinye min data yake. Zanen ne ba shi da amfani ko ni ce ban iya amfani da shi ba? Sannan padding da margin ɗin nan har yau rikita ni suke.

Abu_Hanifa:
Wa alaikumus salam Malama. Tunda tela ce ke bari in tambaye ki, yarinyar da aka kawo miki koyon ɗinki in ta shekara tana kallon sitayil a waya ba ta taɓa riƙe almakashi ba, za ki ba ta shaddar mutane ta yanka? To haka abin yake, zanen bai da laifi, hannunki ne bai saba ba. Ki rufe PDF ɗin ki ɗauko takarda da biro ki zana shafin da kike so, sunan shago a sama, hoton humra, farashi a ƙasansa, sannan a gefen kowane abu ki rubuta sunan tag ɗinsa, wato alamar da HTML ke kiransa da ita, h1 ga sunan shagon, img ga hoto, p ga bayani. Sai ki buga da yatsanki ba kwafa ba, in kin maƙale ki leƙa zanen ki sake rufewa.

Padding da margin kuwa ki ɗauka gida ne. Ɗakin da ke ciki shi ne rubutunki ko hotonki, tsakar gidan da ke tsakanin ɗaki da katanga ita ce padding, katangar ita ce border, lungun da ya raba ki da gidan maƙwabta shi ne margin. Shi ya sa in kin sa wa akwati launi yana shafar padding amma ba ya fita margin, ai ba kya share lungu da sunan tsakar gidanki. Ga wurin da ya fi ba sababbi wahala, in kin ce faɗin akwati 300px kika sa padding 20px da border 2px, abin da zai fito 344px ne don hagu da dama duk ana ƙarawa, sai ki ga shafi yana zamewa gefe a waya. Ki sa box-sizing: border-box sai ya tsaya a 300 ɗinsa.

Injiniya_SK:
Ni dai ban cika son PDF ɗin da ke yawo a gurup-gurup ba gaskiya, da yawansu tsofaffi ne ba kwanan wata ba sunan wanda ya haɗa. Hajiya ki duba naki, in kin ga ana koya miki center da font a matsayin tag, ko ana tsara shafi gaba ɗaya da table, to ki ajiye shi, an daina wannan tun kafin HTML5 ya tabbata a 2014. Abin da ake yi yanzu flexbox ne da grid, wato hanyoyin jera abubuwa a shafi da CSS. Akwai wasan Flexbox Froggy kyauta ne, mataki 24, kina rubuta layi ɗaya kina ganin kwaɗo yana komawa kan ganyensa, wannan ya fi min zanen da ba ya motsi nesa ba kusa ba, kuma ba ya cin data kamar bidiyo. In kina neman ma'anar wani abu ki je MDN na Mozilla, in Turancinsu ya yi miki nauyi W3Schools ya fi sauƙi. JavaScript kuma ki bar shi tukuna, shafin kayan sayarwa ba ya buƙatarsa a farko.

Fa'iza_Maraɗi:
Yaya Maman Ilham sannu da ƙoƙari, Allah Ya dafa miki. Ni ma da waya na fara kuma ba zan ce ki yar da zanen ba kam, don mu nan da Faransanci muka yi boko, darussan kuwa yawanci Turanci ne, zanen ne ya riƙe ni lokacin da kalmomin suka fi ƙarfina. Abin da na yi na kwafe su da hannuna a littafi na rubuta bayanin da Hausa, ranar da babu wuta ko caji littafin nake buɗewa.

Abu ɗaya da babu zanen da ya gaya min, ranar da na gama shafina na farko na rubuta "ɗinki mai ƙarko" sai ɗ da ƙ suka koma wasu alamomi marasa kan gado, na kwana biyu ina goge rubutun ina sakewa ina zaton kibod ɗina ne. Ashe layi ɗaya na bari a cikin head, wato meta charset="utf-8". Ki sa shi tun farko, shi ne ma zai fito miki da alamar ₦ daidai, ki kuma sa lang="ha" a tag ɗin html. In har yanzu ƙ ɗin ta bambanta da sauran haruffa to font ɗin ne, wato salon haruffan, ba shi da ita, ki canza zuwa Noto Sans. Kar ki manta da layin viewport ma, mai daidaita shafi da faɗin allon waya, in babu shi rubutu ƙanana-ƙanana zai fito a waya, kuma ai kwastomominki duk da waya za su buɗe.

Maman_Ilham:
Kai na gode sosai, Allah Ya saka da alheri. Malam Abu Hanifa jiya na zana a bayan littafin awo na buga da kaina, sunan shago ya fito da farashi uku, na yi ta kallonsa wallahi. Injiniya na duba, ɗaya daga cikin PDF ɗin akwai center ɗin da ka ce na goge shi. Fa'iza ƙanwata na sa layin naki ƙ ta fito lafiya. Saura hoton humra ne ya ƙi fitowa, wani ɗan akwati kawai nake gani, na rubuta humra.jpg kuma hoton yana cikin Gallery, ko sai na kai shi folda ɗaya da fayil ɗin ne?