Na canza salansa da matatar iska, Civic ta daina ja da rana

Assalamu alaikum, masana mota. Ina da Honda Civic ƙirar 2008, inji 1.8, giyar hannu. Niyyata in riƙa ƙara mata ƙarfi kaɗan-kaɗan, sai na fara da buɗaɗɗen salansa da matatar iska mai siffar mazurari.

Ƙara kam ta samu, ƙarfin ne babu. Da sassafe lafiya lau take tafiya, amma daga azahar, in zafin Sakkwato ya haura digiri 40, ko na taka totur sai ta yi nauyi kamar an lafta mata buhunan albasa. Fitilar gargaɗin inji ta kama, kwamfutar gwaji ta nuna lambar matsala P0171, wato iska ta rinjayi mai.

Bakanike ya canza filogi, ya wanke nozul, ya goge lambar. Kwana uku ta dawo. Na ciro sensar iska na tarar ƙura ta manne mata, na wanke, ba ta canza zani ba. Yanzu wai sai an sake saita kwamfutar motar, kuɗin kuma ba kaɗan ba. Ni dai matatar nake zargi, don gab da inji take, iska mai zafi take shaƙa.

Shin in mayar da akwatin matatar iska na asali tukuna kafin in kashe kuɗi a saitin?