Me ya sa tukunya ke rigan ruwa yin zafi?

Ɗalibar SS2: Assalamu alaikum malamai. Tukunya da ruwan cikinta wuta ɗaya suke sha, amma tukunyar kan yi zafi tun ruwan bai ko yi ɗumi ba. Mene ne dalili?

Malamin Fizis: Wa alaikumus salam. Kowane abu da yawan zafin da yake ci kafin ma'auni ya motsa. Kilo ɗaya na ruwa sai ya sha jul 4,186 (jul shi ne ma'aunin yawan zafi) kafin ya hau digiri ɗaya. Alminiyam kuwa jul 900 ya ishe shi, baƙin ƙarfe 450, jan ƙarfe 385, dalma kusan 130. Lissafin shi ne ki ninka nauyi da wannan adadi, ki sake ninkawa da yawan digirin da aka hau. Ruwa lita 2, wato kilo 2, daga digiri 25 zuwa 100 zai ci jul 627,900. Tukunyar alminiyam mai rabin kilo jul 33,750 kacal za ta ci. Ƙwayoyin ruwa suna riƙe da juna da haɗin haidirojin, wani kaso na zafin a can yake ƙarewa wajen sassauta riƙon.

Injiniya: Malam, a ƙara da cewa saurin ratsawar zafi wani abu ne daban, kuma a nan ɗalibai suka fi rikicewa. Ƙarfe na miƙa zafi nan take, shi ya sa hannun tukunya ke ƙuna. Sannan in da girma aka auna ba da nauyi ba, tazarar raguwa take yi sosai: santimita kubik ɗaya na baƙin ƙarfe jul 3.5 yake ɗauka kafin ya hau digiri ɗaya, na ruwa 4.2.

Mai kula da lab: Ki gwada da kanki. Ki bar baƙin ƙarfe giram 200 cikin tafasasshen ruwa minti biyar, ki tsamo shi da zare, ki jefa cikin ruwa giram 200 mai digiri 25, ki juya. Ma'aunin zai tsaya wajen digiri 32: ƙarfe ya sauka digiri 68, ruwa ya hau 7 kawai. In kika yi nawa wajen tsamowa, iska ta kwashe zafin, sakamakon ya yi ƙasa. In ɗigon tafasasshen ruwa ya biyo ƙarfen, ya yi sama. Ki yi amfani da kofin roba mai murfi, na ƙarfe shanye zafin yake yi.